Shin talla na cutar da mai saye? Darasi daga Gwarzo da Kabo

A kasuwar Getso da ke ƙaramar hukumar Gwarzo, da ƙauyukan Kabo, mai saye kan san sabon kaya ta bakin maƙwabci, ko rediyo, ko lasifikar mai talla. Ba don talla ba, da sabon irin masara ko fitilar sola sun daɗe a shagunan Kano manomi bai ji labarinsu ba.

Illar tana bayyana ne a kayan da ba a iya gwadawa kafin a biya. Atamfa ana taɓa ta, hatsi ana auna shi, amma magani da taki sai kuɗi sun fita ake gane ingancinsu.

Dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON ta wajabta tantance talla kafin a yaɗa shi, tallan magani kuwa sai da amincewar NAFDAC. Sai dai lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L a jikin maganin gargajiya na nufin an duba rashin illarsa ne, ba an tabbatar yana warkarwa ba. Saboda haka, mai lasifikar da ke cewa kwalba ɗaya na maganin basir da shawara da ciwon suga, iƙirarinsa ne kawai, hukuma ba ta shaide shi ba.