Ma'aunan Ruwa na Rumawa: Daga Culeus Zuwa Cyathus

A zamanin da daular Rum ta shimfiɗu daga Ingila har Masar, man zaitun da giyar inabi na cikin manyan hajojin da jiragenta ke dako a Bahar Rum. Fatauci mai faɗin haka ba ya ɗorewa sai mai saye da mai sayarwa sun yarda da awo guda, kuma a nan Rumawa suka nuna basira.

Uwar ma'aunansu ita ce amphora, wani irin tulu, wadda kuma ake kira quadrantal. Cikinta daidai yake da akwati mai ƙafa ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, wato kimanin lita 26, kusan jarkar man da muka sani. Doka ta ƙayyade cewa giyar da za ta cika ta nauyinta libra 80 ne, a ma'aunin nauyinsu. Da haka tsawo da nauyi da yawan ruwa suka ƙullu wuri guda: wanda ya yi shakkar tulu sai ya ɗora shi a sikeli. An kuma ajiye amphora ta hukuma a tudun Kapitol da ke birnin Rum, don a riƙa gwada saura da ita.

Rabin amphora shi ne urna. Amphora ɗaya na cin congius 8, kowanne lita uku da 'yan kai. Kashi ɗaya cikin shida na congius shi ne sextarius, rabin lita da ɗoriya, wanda ya fi yawo a hannun jama'a. Rabinsa hemina, sai cyathus, ɗan ludayin da ake ɗebo giya da shi a wajen walima. Guda 12 ke cika sextarius. Can sama kuma akwai culeus, salkar fatar sa, mai cin amphora 20.

Waɗannan sunaye sun shiga doka da rayuwar gida. Cato Babba, a littafinsa na aikin gona, ya ware wa kowane bawa sextarius ɗaya na man zaitun a wata. A shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), dokar Claudia ta hana sanata mallakar jirgin ruwa mai ɗaukar fiye da amphora 300, don kada masu mulki su mamaye fatauci. A kasuwanni, jami'an da ake kira aediles ne ke bin ma'aunan 'yan kasuwa. Har yau a kufan Pompeii ana iya ganin kwafin teburin dutse mai ramuka da aka sassaƙa daidai da awon hukuma, inda za a zuba kaya a gani da ido.

Ba don Rumawa sun fi kowa gaskiya suka yi wannan ɗawainiya ba. Sun san ɗan Adam da tauye awo, shi ya sa suka tanadi abin gwaji da mai dubawa. Duk hukumar da ke son kasuwarta ta yi albarka, to ta fara da tsare ma'auni.