Yadda cin rani ya rikiɗe ya zama ƙaura a arewacin Zamfara

A da, idan an kammala girbi a Zurmi ko Shinkafi, magidanci kan ɗauki 'yar jakarsa ya tafi cin rani Kano, Kaduna ko Kudu, ya bar iyali a gida, da hadari ya fara haɗuwa kuma ya dawo ya riski shuka. Yanzu a tashar motar Ƙaura Namoda akan ga katifu da tukwane ɗaure a saman mota, mata da yara a ciki. Gida ne sukutum yake tashi.

Abin da ke tayar da su

Matsalar tsaro ce kan gaba. A ƙauyuka da dama na yankin, 'yan bindiga kan ɗora wa manoma haraji kafin su yi shuka ko su kwashe amfani, kuma sunan Bello Turji ya daɗe yana tayar da hankali a Shinkafi da kewaye.

Sana'a ma ta ja baya. Layin dogon da ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya a 1929 ya mayar da garin matattarar gyaɗa da auduga, amma jirgin ya daɗe da daina zuwa. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an rufe kasuwannin mako-mako tare da katse layukan waya don a takura wa 'yan bindiga. Matakin ya taɓa kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis, inda dillalan dabbobi, direbobi da masu sayar da abinci ke samun na cefane. Hatta matasan da ke kammala Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, da yawansu a wasu jihohin suke neman aiki.

Ina aka nufa?

Ƙaurar takan zo mataki-mataki: daga ƙauye zuwa cikin gari, daga nan zuwa Gusau, sannan a tsallaka jiha. Maigida ne kan fara yin gaba, ya sauka wurin ɗan garinsu, ya kama dako a kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, ko gadi da leburanci a Suleja da Mararaba, bakin Abuja. Idan ya samu ɗaki sai ya aiko a kawo iyali. Wasu kuwa Jamhuriyar Nijar suka nufa, inda jihar Maraɗi ke karɓar 'yan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina tun 2019.

Masu zaɓar Jos kan haɗa da batun yanayi. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a arewacin Zamfara, kuma lokacin ne iyaye ke fargabar sanƙarau. Jos na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ana iya barci cikin ɗaki ko da bazara, ga aikin kayan gwari a kasuwar Farin Gada. Sai dai tun rikicin 2001 zaman garin ya rabu, don haka baƙo kan nemi ɗaki ne a irin su Unguwar Rogo, Gangare ko Rikkos, inda cunkoso ya riga ya yi yawa.

Daga mai gida zuwa ɗan haya

A nan ne lissafi ke sauyawa. Mutumin da ya tashi a gidan gado, da rumbu a tsakar gida, yanzu zai biya kuɗin hayar shekara guda a dunƙule, ya sallami dillali, ya sayi ruwa wurin mai garuwa, ya auno gero da kwano. Matar da ke da awaki da 'yar sana'arta a tsakar gida za ta fara daga tushe cikin maƙwabtan da ba ta sani ba.

Yara kan samu makarantar da ba a rufewa saboda hari, kuma wannan babbar riba ce. Amma ranar neman gurbin karatu ko aikin gwamnati za a tambaye su takardar shaidar asali, wadda sai an koma ƙaramar hukumar iyayensu kafin a same ta.

Hukunci mafi nauyi shi ne na gona. Wanda ya bayar da ita aro ko jingina ya bar wa kansa ƙofar dawowa. Wanda ya sayar, a lokacin da masu sayarwa suka fi masu saye yawa, ya rabu da ita da araha, kuma da wuya kuɗin su saya masa ko fuloti a birni.

Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a watan Janairun 2024 don taimaka wa jami'an tsaro. Ga iyalan da suka tafi, ma'aunin nasara ɗaya ne: a iya zuwa gona da safe, a dawo da yamma, ba tare da an biya kowa ba.