Wa Ya Kori Tsuntsayen Fadamar Nguru?

Duk hunturu agwagin ruwa kan taso daga Turai su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, su iske ɗinya da kirinjijiya 'yan gida. Sai aka wayi gari tafkunan da suka saba sauka sun ƙuntace, kifi ya ja baya, gonakin shinkafa sun salwanta. Abin ɗaure kai shi ne ruwa bai ƙafe ba, a wasu wuraren ma ƙaruwa ya yi.

Maharba aka fara zargi, amma bindiga ba ta cin gona. Aka koma kan fari, to damina ta dawo, al'amura ba su gyaru ba. Masunta ne suka nuna mai laifin: kacalla, ciyawar nan da kan fi mutum tsawo, ta rufe fuskar ruwa har kwalekwale ba ya iya ratsawa.

Sai dai kacalla ba baƙuwa ba ce, me ya ba ta ƙarfi yanzu? Amsar tana Kano. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. A da, kogin Haɗeja kan yi ambaliya da damina ya janye da rani, ƙasa ta tsage, saiwar ciyawar ta bushe. Da madatsun suka riƙa sakar masa ruwa rani da damina, saiwar ta daina ganin rana. Ciyawar ta kama laka, hanyoyin ruwa suka toshe, kogi ya karkata ta reshen Marma zuwa tafkin Nguru ya mamaye gonaki, wasu rassan kuwa suka bushe. Tsuntsun jan-baki ya samu maɓoya yana ɓarnar hatsi.

Da gane haka, ƙauyuka suka koma ga gayya. Masunta da manoma kan shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, su yanke kacallar a ƙarƙashin ruwa, domin kututturen da ya nutse ba ya samun iska, ruɓewa yake yi. Inda hanya ta buɗe, kifi kan dawo, tsuntsu ya biyo shi.

Kogin Sakkwato da ya ratsa Gusau da Bunguɗu shi ma an tare shi a Bakolori tun 1978. Maharba da masuntan yankin su sa ido kan fadamunsu tun kacalla tana tsiro, lokacin da lauje ɗaya ya ishe ta.