Lexus RX 350: Fuskar 2020, Cikin 2010

Yau hirar mota za mu yi, kuma na zaɓi Lexus RX ne saboda duk wanda ya tsaya bakin titi a Daura ranar ɗaurin aure ko lokacin hawan sallah ya san yadda jif ɗin nan ta cika gari. Matashi na samun 'yan kuɗi, ita ce farkon abin da ke zuwa masa a rai. To amma nawa ne cikinmu suka san ainihin shekarar motar da suke biyan miliyoyi a kanta?

Bari mu bi shekarun a gurguje. RX 330 ta fito daga 2004 zuwa 2006. A 2007 aka koma RX 350 mai injin V6 lita 3.5, injin da kusan kowane bakanike ya san ciki da wajensa. Daga 2010 zuwa 2015 jiki ɗaya ne, sai dai a 2013 an sauya mata fuska. A 2016 aka sake ta gaba ɗaya: sabon jiki, giya takwas maimakon shida, ƙarfin doki 295. A 2020 aka ƙara Apple CarPlay da Android Auto. Sai 2023, inda kamfanin ya ajiye V6 ya kawo injin silinda huɗu lita 2.4 mai turbo. Wannan sabon injin fetur mai daraja ta sama yake so, mu kuwa iri ɗaya ake zuba wa kowa a gidan mai. Ni dai a yanayinmu na fi natsuwa da V6 ɗin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Akwai abin da dillalai ke kira afgired. A ɗauki motar 2010, a cire bamba da fitilu da ragar gaba, a ɗaura na sabon yayi, a yi fenti. Kana ganinta ka rantse ta jiya ce. In mutum ya yi wa motarsa don sha'awa, ba laifi. Laifin shi ne a sayar maka da ita a kuɗin sabuwa.

Kuma ba maganar kuɗi kaɗai ba ce, maganar rai ce. A kasuwar Amurka, inda yawancin waɗannan motoci ke fitowa, daga 2017 ne kowace RX ta fara zuwa da tsarin Lexus Safety System+. Akwai na'urar rada a bayan tambarin gaba, akwai kyamara a saman gilashin gaba kusa da madubi. Su ne ke hango mota ko mutum a gabanka, su yi maka ƙara, in ba ka taka birki ba motar ta taka da kanta. Fanalbita zai iya sauya fuska, amma ba zai dasa wannan ba. Ka yi tunanin hanyar Daura zuwa Kazaure da daddare, wani ya faɗo titi, kai kuma ka saki jiki wai motarka tana da birkin kanta.

Ko mai tsarin na gaske ma kada ya miƙe ƙafa. Na'urar da ke gargaɗi in ka kauce daga layinka farin zanen titi take karantawa. Inda zanen ya goge, makauniya ce. Ƙurar hunturu ma tana rufe wa kyamarar ido.

To yaya za ka gane gaskiya? Lambar shasi. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Haruffa da lambobi 17 ne. Ƙirga zuwa na goma: A 2010 ce, D 2013, G 2016, H 2017, L 2020, P 2023. In dila ya ce maka ta 2020 ce ka ga A, ai magana ta ƙare. Ka tabbata ta gilashi da ta ƙofa da ta takardar kwastam duk ɗaya ce. A Janairun 2017 dokar gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa ta fara aiki, mu kuma da Kongolam ke kusa da mu ba sai an yi mana bayanin abin da mota marar takarda ke jawowa ba.

Abu na ƙarshe, jakar iska. RX ta 2010 jaka goma take zuwa da su. Amma da yawa motocin haɗari ne aka saya a gwanjo, jakunkunan sun riga sun fashe, aka liƙe murfin sitiyari aka rufe zance. In ka kunna motar, fitilar jakar iska a dashbod ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ta ƙi mutuwa akwai matsala. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don kada ka gani. Ka je da mai na'urar gwajin kwamfuta naka, ba wanda dila ya kawo ba.

Mu kwana nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.