Hamadar The Mandalorian A Cikin Ɗaki Aka Ɗauke Ta

Duk wanda ya kalli The Mandalorian, shirin da Disney+ ta fara haskawa a 2019, zai rantse an kwashi 'yan wasa an kai su hamada. Amma fiye da rabin zangon farko a cikin ɗaki aka ɗauke shi a jihar Kalifoniya ta Amurka, gaban wani ƙaton bango na allunan LED guda 1,326, mai tsayin ƙafa 20, wanda ya kusa zagaye 'yan wasan.

Kamfanin ILM ne ya haɗa tsarin, ya raɗa masa suna StageCraft. Hotunan da ke kan bangon kuwa, a zangon farko manhajar Unreal Engine ce ta riƙa zana su nan take, wato manhajar da aka gina wasan Fortnite da ita. Kwamfuta na bibiyar inda kyamara take. Da zarar ta gusa, sai duwatsu da sararin sama su gusa daidai yadda ido zai gan su a fili.

A da koren ƙyalle ake ratayawa, ɗan wasa ya yi ta kallon abin da babu shi, sai daga baya a cike hoton. Jarumin wannan shiri kuwa sulkensa na ƙyalli kamar madubi, koren zai riƙa fitowa a jikinsa, a bi ana gogewa. Da bangon LED, hasken da ya dace ke sauka a kan sulken tun wajen ɗauka. Faɗuwar rana ma, da ke wucewa cikin 'yan mintuna, darakta na iya tsayar da ita wuni guda. Fim ɗin The Batman na 2022 ya ci wannan moriyar.

Sai dai bangon na cin kuɗi sosai, ba ya iya kwaikwayon zafin hasken tsakar rana, kuma filin ya yi kaɗan ga guje-guje. Aikin ma ya juya: dole masu zane su gama gina wurin kafin a kunna kyamara, ba bayan an tashi ba.

Ga mai son koyo, Unreal Engine kyauta ake sauke ta, sai dai tana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Kamfanin Epic Games kuma yana da manhajar iPhone da iPad da ke mayar da waya kyamarar cikin wannan duniyar zane. Mutum ya ɗaga wayarsa ya zagaya ɗaki, hoton ya bi hannunsa.