Kankia da Kusada

Kankia (ana kuma rubuta Kankiya) da Kusada ƙananan hukumomi ne biyu masu maƙwabtaka da juna a tsakiyar jihar Katsina, a arewa maso yammacin Najeriya. Suna cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar, kuma kowacce ta ɗauki sunan garin da hedikwatarta take. Babbar hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa su duka biyun. Yawancin mazauna yankin Hausawa ne da Fulani, Musulmi, kuma noma da kiwo su ne manyan sana'o'insu.

Wuri da iyakoki

Faɗin ƙasar Kankia ya kai murabba'in kilomita 824, na Kusada kuwa 390, wato bai kai rabin na Kankia ba. Garin Kankia yana da nisan kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da birnin Katsina. Ƙaramar hukumar ta yi iyaka da Charanchi da Bindawa ta arewa, Dutsin-Ma ta yamma, Matazu da Musawa ta kudu, sai Ingawa da Kusada ta gabas. Ita Kusada a bakin iyakar jihar take: matafiyin da ya wuce Yashe ya nufi Kano, ba ya daɗewa zai shiga ƙasar Tsanyawa ta jihar Kano.

Yanayin ƙasa

Yankin shimfiɗaɗɗen fili ne mai ɗan tudu da gangare, wanda ya ɗara mita 500 bisa doron teku. Mafi yawan ƙasar jigawa ce mai rairayi, mai sauƙin huɗa amma mai saurin gajiya idan ba a ba ta taki ba. A gefen rafuka akwai fadamu masu laka, inda ake noman rani. Rafukan ba sa gudu sai da damina; da rani yashi ne kawai, sai dai a tona a samu ruwa a ƙarƙashi. Yankin yana kusa da tudun da ya raba magudanan ruwa biyu na arewacin Najeriya: ruwan da ya gangara yamma yana ƙarewa a gulbin Rima da na Sakkwato, wanda ya gangara gabas ta ƙasar Kano kuma yana bin kogin Haɗeja ya nufi tafkin Chadi.

Damina takan sauka a watan Mayu ko Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke a ƙarshen Satumba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu ne da hazo, sai bazara mai tsananin zafi a Maris da Afrilu. Daji na ainihi ya yi ƙaranci, domin kusan duk inda za a iya nomawa an nome. Itatuwan da ake gani a gonaki, irin su kuka, ɗorawa, tsamiya, kanya da gawo, waɗanda manoma suka bari ne da gangan saboda amfaninsu. Gawo ya fita daban: yakan zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, sannan ya yi ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabbobi ke neman abinci.

Yawan jama'a

A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da dubu 151 a Kankia, da kusan dubu 99 a Kusada. Idan aka raba da faɗin ƙasa, a Kankia kimanin mutum 180 ne ke zaune a kowane murabba'in kilomita, a Kusada kuwa kimanin 250. Ke nan Kusada, duk da ƙanƙantarta, ta fi cunkoso, kuma ta wannan fuskar ta fi kama da karkarar Kano da ke gabas da ita, inda ƙauyuka ke kurkusa da juna kuma ba a barin gona ta huta.

Ba a sake yin ƙidaya a Najeriya ba tun 2006. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Saboda haka duk wani adadi na baya-bayan nan da ake gani game da waɗannan ƙananan hukumomi hasashe ne da aka ɗora kan na 2006. Abin da ake gani a ƙasa shi ne gonakin gado suna ƙara tsukewa a duk lokacin da aka raba su tsakanin magada, kuma matasa da yawa suna tafiya cin rani Kano, Kaduna, Abuja da Legas da zarar an kammala girbi.

Garuruwa da mazaɓu

Kowace daga cikin ƙananan hukumomin tana da mazaɓu goma. Na Kankia su ne Galadima A, Galadima B, Gachi, Kafin Dangi, Kafin Soli, Kunduru/Gyaza, Rimaye, Sukuntuni, Tafashiya/Nasarawa da Tsa/Magam. Na Kusada kuwa su ne Kusada, Bauranya A, Bauranya B, Boko, Dudunni, Kaikai, Kofa, Mawashi, Yashe A da Yashe B.

Sunaye irin su Kafin Soli da Kafin Dangi suna ɗauke da tarihi. Kafi shi ne garin da aka kewaye da shingen itace don kariya. A ƙarni na 19, bayan jihadi ya kawo Ummarun Dallaje kan mulkin Katsina, zuriyar sarakunan Haɓe da suka koma Maraɗi sun daɗe suna kawo hari ƙasar Katsina, kuma zama a gari mai kafi ko ganuwa ya fi zama a fili aminci. Da aka samu kwanciyar hankali a farkon ƙarni na 20 ne mutane suka bazu, aka yi ta kafa unguwanni kusa da gonaki. Rugagen Fulani suna warwatse a tsakanin ƙauyuka, kuma da yawa daga cikinsu zaunannu ne masu noma da kiwo tare.

Mulki da siyasa

Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Katsina daga tsohuwar jihar Kaduna a ranar 23 ga Satumba 1987, Kankia tana cikin ƙananan hukumomi bakwai na asali, tare da Katsina, Daura, Mani, Dutsin-Ma, Malumfashi da Funtuwa. A lokacin ƙasarta ta fi ta yanzu girma nesa ba kusa ba, domin ta haɗa da Ingawa, Kusada, Musawa da Matazu. Kusada ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta a 1996, zamanin mulkin Janar Sani Abacha.

Ta fuskar sarauta yankin yana ƙarƙashin masarautar Katsina, kuma hakimin Kusada shi ke riƙe da sarautar Bebejin Katsina. Ta fuskar zaɓe kuwa lissafin ya bambanta, kuma a nan ne ɗalibai sukan rikice: ko da yake a tsakiyar jihar suke, Kankia da Kusada ba sa cikin mazaɓar Katsina ta Tsakiya. Suna cikin mazaɓar sanata ta Katsina ta Arewa, wadda aka fi sani da shiyyar Daura. A majalisar wakilai kujera ɗaya suke da ita tare da Ingawa. Ahmad Babba Kaita, ɗan Kankia, ya riƙe wannan kujera daga 2011 zuwa 2018, lokacin da ya ci zaɓen cike gurbi na sanata bayan rasuwar Sanata Mustapha Bukar. Babban abokin takararsa a wannan zaɓe ɗan'uwansa ne, Kabir Babba Kaita. Abubakar Yahaya Kusada, wanda ya yi kakakin majalisar dokokin jiha, shi ya gaje shi a majalisar wakilai.

Tattalin arziki da hanyoyi

Gero da dawa su ne abincin gida, sai masara inda aka samu taki. Wake, gyaɗa, riɗi da waken suya su ake kaiwa kasuwa. Auduga, wadda a da ita ce babbar hanyar samun kuɗi, ta ja baya ƙwarai. Ana kiwon shanu, tumaki da awaki, kuma kiwon turke na raguna don Babbar Sallah sana'a ce da mata da yawa ke yi a cikin gida. Akwai madatsun ruwa a Kankia da Kusada.

Darajar yankin a harkar sufuri ta samo asali ne daga mararrabarsa. Daga Kankia hanya ta tafi Dutsin-Ma, wata kuma ta tafi Ingawa. A ƙasar Kusada, wajen Yashe da Gidan Mutum Ɗaya, hanyar Malumfashi da Funtuwa ta haɗu da ta Kano. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 bai biyo ta nan ba, ta Kazaure da Daura ya zaga. A garin Kankia akwai babban asibiti, makarantar koyon aikin lafiya, da tashar rarraba wutar lantarki a kan layin Kano zuwa Katsina. A 2016 kamfanin Pan Africa Solar ya sanya hannu kan yarjejeniyar sayar da wuta daga tashar hasken rana mai ƙarfin megawat 75 da aka tsara ginawa a Kankia.

Tsaro

Hare-haren 'yan bindiga, satar shanu da garkuwa da mutane sun fara tsananta ne a ƙananan hukumomin yammacin jihar da ke bakin dajin Rugu, kamar Batsari, Safana da Ɗanmusa. Daga baya sun gangaro gabas har suka taɓa ƙauyukan kudancin Kankia da ke kusa da Matazu da Musawa, da wasu sassan Kusada. A inda abin ya yi tsanani manoma sun bar gonakin nesa, wasu iyalai kuma sun koma garuruwan bakin titi. A watan Oktoba 2023 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha domin taimaka wa sojoji da 'yan sanda.