Duwatsun Murhu Uku: Karatu, Wasanni da Wasan Kwaikwayo a Makarantar Sakandaren Unguwa, Nazari daga Kinkinau

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda makarantar sakandaren gwamnati ta je-ka-ka-dawo take a unguwannin da ke gefen garin Kaduna, tare da ɗaukar Kinkinau a matsayin misali. Na zaɓi Kinkinau ne domin a nan na zauna tun ina bakin aikin gwamnati har na yi ritaya, kuma 'ya'yana da jikokina a irin waɗannan makarantu suka yi karatu. Unguwar tana arewacin kogin Kaduna, kusa da Unguwar Mu'azu da Tudun Wada, ko da yake a tsarin mulki tana cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu.

Abin da nake son malamai da dattawa su lura da shi shi ne, makarantar sakandaren da muka gada tukunya ce da aka girka a kan duwatsu uku, wato aji da filin wasa da dandamalin wasan kwaikwayo. Aji aikin safe ne, sauran biyun kuwa aikin la'asar ne. Da makarantar unguwa ta rasa la'asar, sai duwatsu biyu suka zame, aka bar tukunya a kan dutse ɗaya.

Asalin Tsarin

Tushen makarantar sakandare a Arewa shi ne Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922. A nan su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato suka yi karatu. A 1938 aka dawo da ita Kaduna, a 1949 kuma aka mayar da ita Zariya, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Makarantar kwana ce, saboda haka yinin ɗalibi gaba ɗaya a hannun malamai yake. Da safe darasi, bayan la'asar a fita fili, da dare a koma aji a yi bita. An raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da shugabansa, ana gasa a tsakaninsu a guje-guje da tsalle-tsalle da hoki da ƙwallon ƙafa. Sardauna kansa ya shahara da son ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu, wasan da ya koya a Katsina, bai kuma bar shi ba har ya zama Firimiya. Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu a lokacin da kwalejin take Kaduna, an san shi da rubuta wasannin kwaikwayo da shirya su tare da ɗalibai.

Makarantun mishan da gwamnati ta karɓe a farkon shekarun 1970 su ma wannan tsari suke bi. Cikinsu akwai St. John's da ta zama Kwalejin Rimi, da Queen of Apostles da ke Kakuri wadda ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. Ni kaina a makarantar kwana na yi sakandare a cikin shekarun 1970, kuma ban manta ba, wanda ya ƙi fita fili da la'asar hukuncinsa ɗaya da wanda ya gudu daga aji.

Yadda Makarantar Unguwa ta Samu

A 1976 aka ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare ga kowa, wato UPE. Bayan shekara shida yaran suka kammala firamare, suka zo ƙofar sakandare da yawan da makarantun kwana ba za su iya ɗauka ba, ga shi kuma kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980. Mafita ita ce makarantar je-ka-ka-dawo, wadda ba ta buƙatar ɗakin kwana ko ciyarwa. Wannan alheri ne babba, domin ita ta buɗe ƙofar sakandare ga ɗan direba da 'yar mai sayar da itace, musamman 'ya'ya mata waɗanda iyayensu ba su yarda su kwana a waje ba.

A daidai wannan lokaci unguwannin da ke bakin hanyar Nnamdi Azikiwe, wadda ta kewaye gari ta yamma, suka yi ta cika. Da idona na ga gonaki sun zama gidaje a Kinkinau. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 kuma mutane da yawa suka sauya mazauni tsakanin kudu da arewacin kogi, abin da ya ƙara cunkoso a wannan ɓangare. Yara suka fi azuzuwa yawa, sai makarantu da dama suka koma karatun safe da na rana, wasu su tashi wasu su shiga. Da haka la'asar ta fita daga hannun makaranta.

Dutse na Farko: Aji

Tun 1982 aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Manufar ita ce yaro ya ɗanɗani aikin hannu irin su kafinta da aikin ƙarfe da lantarki a ƙaramar sakandare, sannan a duba inda basirarsa ta karkata. A wurare da yawa kayan aikin sun iso, amma babu wuta, babu malamin da ya iya su, suka lalace a cikin akwatunansu. Dokar UBE ta 2004 ta mayar da shekara tara na farko kyauta kuma tilas.

A ƙarshen babbar sakandare ɗalibi yana fuskantar jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, ko ta NECO wadda ta fara a 2000, sannan ta JAMB, hukumar da aka kafa a 1978 domin shiga jami'a. Abin da aka daɗe ana nema shi ne kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Wannan sharaɗi shi ya zama ma'aunin da iyaye ke auna makaranta da shi, shi ne kuma ya sa komai ya koma haddar amsoshin jarrabawar baya. Na taɓa shiga wani aji a wata makarantar yankinmu na tarar yara sun haura tamanin, wasu a ƙasa, malami ɗaya da alli a hannu. A irin wannan aji malami yana iya sanin mai ƙoƙarin Lissafi, amma ba shi da hanyar gane yaron nan na baya mai shiru, wanda Allah ya ba shi ƙafar gudu ko baiwar magana.

Dutse na Biyu: Fili

Kaduna gari ne na wasanni. Ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009, kuma an buga wasannin gasar matasa ta duniya a filin wasa na Ahmadu Bello a 1999 da 2009. Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, haifaffen Kaduna ne. Haka nan Daniel Amokachi da Garba Lawal da Tijjani Babangida da Celestine Babayaro, waɗanda suke cikin 'yan wasan da suka ciwo zinariya a Atalanta a 1996. Duk a filayen garin nan suka taso.

Amfanin fili a makaranta bai tsaya ga fitar da gwanaye ba. A fili yaro yake koyon bin doka, da karɓar kaye ba tare da faɗa ba, da biyayya ga shugaba ko da tsaransa ne. A fili ne kuma ɗan Tudun Wada yake haɗuwa da ɗan Kakuri ko Barnawa su yi takara su gaisa, abin da garinmu yake matuƙar buƙata tun bayan da kogi ya zama kamar iyaka. Sai dai filayen makarantu da yawa sun tsuke, wani gefe an gina ƙarin azuzuwa, wani gefe maƙwabta sun ci iyaka, abin da ya rage ya zama hanyar babura da wurin zuba shara. Gasar gida-gida ta koma bikin yini ɗaya a shekara, ana ɗinka riguna a yi maci, alhali ba a yi atisaye ko na mako biyu ba. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Dutse na Uku: Dandamali

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muna da tashe a watan azumi, da wasan gauta a fada, inda ake faɗa wa manya gaskiya cikin raha. Makaranta ta ɗauki wannan ta sa shi a rubuce. Akwai Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya ɗaukaka wannan fanni ta hannun irin su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero, Allah ya jiƙansu.

Ni yaro ne mai in'ina. Malaminmu na Hausa ya tilasta mini fitowa a matsayin alƙali a wani wasa, na yi mako shida ina maimaita jawabina a bayan ɗakin kwana. Ranar wasa na yi magana a gaban makaranta duka ban sarƙe ba. Duk jawabin da na yi a ofis cikin shekarun aikina, daga wannan dare ya samo asali.

Na san wasu iyaye suna ƙyamar abin, suna ganin hanya ce ta cuɗanyar maza da mata ko ta shiga harkar fim. Damuwarsu abar saurare ce. Amma a zamaninmu maza su kaɗai suke wasansu, mata ma haka, malami yana tsaye, kuma jigon wasan gargaɗi ne a kan ƙarya da almubazzaranci da auren dole. Haka muhawara da kacici-kacici da rera waƙoƙin gargaɗi, duk suna koya wa yaro tsayuwa a gaban jama'a.

Kammalawa

Makarantar kwana ba za ta dawo ga kowa ba, kuma la'asar ɗin yaranmu a yau ta Islamiyya ce, wadda ba mai son a taɓa ta. To, amma mafi yawan makarantun allo da na Islamiyya suna hutu Alhamis da Juma'a. Shawarata ita ce a keɓe la'asar ɗin Alhamis ga fili da dandamali, kowane mako, a sa shi cikin jadawali. Ƙungiyar iyaye da malamai tare da mai unguwa su tsaya a shata iyakar filin makaranta a katange shi. Tsofaffin ɗalibai su ɗauki nauyin ƙwallo da raga da kofi, abin da bai fi ƙarfin mutum goma ba. A sa langa da kokawa cikin gasa, tunda ba su buƙatar kayan waje. Malamin Hausa kuma ya shirya wasa ɗaya a kowane zango daga littafin da ake karantawa, domin wanda ya taka wasa ba ya manta shi a ɗakin jarrabawa.

Mu dattawa da muka ci moriyar duwatsun nan uku, nauyi ne a kanmu mu je mu zauna a bakin fili ranar Alhamis, yara su ga mun zo. Allah ya shirya mana zuriya, ya saka wa malamai da alheri, amin.